Hadarin da Ke Wucewa Ta Kanmu da Ilimin Tsayar da Jirgi

Duk wanda ya tashi a karkarar Kano ko Jigawa ya san hadarin da ake jin tsoro daga gabas yake tasowa. Zai haɗo ya yi baƙi ƙirin, ya turo jar ƙura a gabansa, ya zubar da abin da zai zubar, sannan ya yi yamma. Da zarar ya ɓace a bayan gari mu kam mun gama da shi, saura lissafin kwanon da ya yaye da geron da ya kwantar. To amma shi tafiyarsa ba ta ƙare ba. Akwai mutane a can ƙetaren tekun Atalantika da suke bin diddigin hadarin da ya bi ta kanmu fiye da yadda mu muke yi, domin bayan kamar mako biyu yana iya zama ajalinsu.

Masana yanayi sun daɗe da gano cewa hadarin daminarmu a jere yake zuwa. Zafin Sahara yana arewa da mu, iska mai laima tana tasowa daga tekun Gini a kudu, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ke haifar da wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma a can sama, kimanin kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa. Wannan iska ba ta tafiya a miƙe. Tana lanƙwashewa tana miƙewa, kuma kowace lanƙwasa tana tattaro gajimare da tsawa. Lanƙwasar kan faro ne daga wajejen tsaunukan Habasha da Darfur, ta ratsa Cadi, ta bi ta kanmu, ta wuce Nijar da Burkina Faso da Mali, ta faɗa teku ta gaɓar Senegal da Gini. Duk kwana uku zuwa biyar sai wata ta biyo bayan 'yar uwarta. Manomin da ya lura cewa a tsakiyar damina ruwa kan ɗauke kwana biyu ko uku ya sake dawowa, wannan jerin yake gani daga ƙasa.

A shekara ana samun irinsu kusan 60. Akasarinsu da sun shiga teku sai su watse. Amma idan wata ta tarar ruwan teku ya yi ɗumi, ya kai digiri 26 zuwa 27, kuma babu busasshiyar iskar da za ta shaƙe ta, sai ta fara juyawa tana zuƙar tururin ruwa tana ƙara ƙarfi. In gudun iskarta ya kai kilomita 119 a awa, ta zama mahaukaciyar guguwa ke nan, irin wadda muke ji a rediyo an laƙaba mata suna. Kimanin kashi 85 cikin 100 na manyan guguwowin Atalantika, waɗanda suka fi ɓarna, daga irin wannan lanƙwasa ta Afirka suke samo asali. Kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, in ka ɗora yatsa a kan Kano a taswira ka ja shi yamma ɗoɗar ba ka karkata ba, a kan tsibirin Giranada za ka sauka. Dukkansu a kan digiri 12 arewa suke. Haɗejiya kuma tana daidai da ƙaramin tsibirin Carriacou, wanda guguwar Beryl ta daidaita ranar 1 ga Yulin 2024.

A tsakanin waɗannan tsibirai na Karibiyan akwai dubban mutanen da gidansu jirgin ruwa ne. Ba manyan jiragen dakon kaya nake nufi ba. Ƙananan jirage ne masu tsawon mita 10 zuwa 15, da ɗakin kwana da wurin girki da banɗaki a ciki, da doguwar sanda a tsakiya wadda ake ɗaura wa filafili, wato babban ƙyallen da ake baza wa iska ta tura jirgin. Akwai ɗan inji, amma na shiga tasha da fita ne. A ƙarƙashin jirgin akwai ƙarfe ko dalma mai nauyi, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin gaba ɗaya, shi ya sa in iska ta kwantar da shi yake sake miƙewa. Wasu masu jiragen attajirai ne, wasu kuma 'yan fansho ne da suka sayar da gida suka koma kan ruwa. Yawon shan iska ne, ban musa ba, kuma mutumin da bai gama biyan kuɗin taki ba yana da hujjar cewa mene ne nasa a ciki. Nasa a ciki shi ne, waɗannan mutane sun zauna sun rubuta dalla-dalla yadda ake tsira da rai a ƙaramin jirgi in iska ta taso, mu kuwa muna da ƙananan jirage da iska da mamata, amma ilimin yana nan a kan dattawa 'yan ƙalilan, ba mai tambayarsu.

Abu na farko da suka riƙe shi ne kalanda. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwa ne a Atalantika, tsananinsa kuma daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, daidai lokacin da mu muke cikin marka har zuwa yankan gero. Saboda haka ba wanda yake tsallaka teku a wannan tsakanin in yana cikin hayyacinsa. Tun 1986 ake yin ayarin jirage duk shekara daga Las Palmas a tsibiran Kanari na Sifaniya, a yanzu suna sauka a Saint Lucia, tafiyar kusan kilomita 5,000 da ke cin kimanin mako uku. A ƙarshen Nuwamba suke tashi, ba don komai ba sai don guguwa ta kwanta kuma iskar arewa maso gabas ta daidaita. Wannan iskar da ke tura su dangin hunturunmu ce. Lokacin da leɓe ke tsagewa a Gumel, su lokacin ne suke baza filafili. Har ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a Cadi tana tsallakawa ta sauka musu a kan jirgi.

Ba su kaɗai ne suka san wannan ba, ba kuma su suka fara ba. Matuƙan Oman da Yaman da Lamu da Zanzibar sun yi ɗaruruwan shekaru suna fatauci a tekun Indiya bisa juyawar iska: wata iskar ta kai su, su zauna su jira wata ta dawo da su, kuma in ta yi tsanani a tsakiyar shekara tashoshin gaɓar yammacin Indiya rufewa suke yi. A kudancin Fasifik, inda guguwa ke zuwa daga Nuwamba zuwa Afrilu, masu jirage kan gudu New Zealand, wasu kuma a Fiji su ciro jirgin daga ruwa su zura gindinsa cikin ramin da aka haƙa a ƙasa su ɗaure shi. Duk inda ka duba, gwanintar tuƙi cikin iska ita ce ta biyu. Ta farko ita ce kada iskar ta same ka a wurin. Lissafin ma a fili yake: irin wannan jirgi ba ya wuce kilomita 10 zuwa 12 a awa, guguwa kuwa tana matsowa da ninkin haka, faɗinta kuma ɗaruruwan kilomita. Ba a tsere da ita.

Amma ko ba a lokacin guguwa ba, iska kan taso da dare, kuma jirgi dole ya kwana a wani wuri. Nan ne maganar anka ta shigo, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa da sarƙa don ya riƙe jirgi wuri guda, kuma nan ne na fi ganin hikima. Jirgin da nauyinsa ya kai tan 10, ankar da ke riƙe shi ba ta wuce kilo 20 zuwa 25 ba. Yaro matashi zai ɗauke ta. Ashe ba nauyinta ke riƙe jirgin ba. Wanda ya taɓa bin shanun huɗa zai gane abin nan take: garma tana shiga ƙasa ne in ana jan ta a kwance, gwargwadon ja gwargwadon nutsewarta, amma ka ɗaga bakinta sama sai ta fito tana ja a kan ƙasa. Ankar da wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Geoffrey Taylor, ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1930 ma siffar garmar gare ta. Saboda haka duk dabarar ita ce a tabbatar jan da jirgi ke yi wa anka ya zo mata a kwance.

Hanyar yin haka ita ce tsawon sarƙa. In zurfin ruwa mita 5 ne, ba sarƙa mita 5 ake saki ba. A daren da babu iska ana sakin ninki biyar, in ana sa ran iska ninki bakwai, wato mita 35, in kuwa abin ya yi ƙamari har ninki goma. Sarƙar tana da nauyi, saboda haka wani ɓangare nata yana kwance a ƙasan ruwa, sauran ya yi lanƙwasa zuwa goshin jirgi. In iska ta bugo, sai ta fara ɗaga wannan lanƙwasa tukuna kafin ƙarfin ya isa ga anka. Matsalar ita ce iska ba ta ƙaruwa yadda hankali ke zato. In gudunta ya ninka biyu, ƙarfin da take dannawa da shi ninki huɗu yake yi. Iskar kilomita 120 a awa ta fi ta kilomita 30 ƙarfi sau goma sha shida. A irin wannan hali sarƙa miƙewa take yi sanƙarau, babu sauran sassauci, kuma duk igiyar ruwan da ta ɗaga goshin jirgi sai ta fizgi ankar. Shi ya sa suke haɗa sarƙar da igiyar nailan mai talewa, ita ke shanye fizgar. Igiyar kuma inda take gogar bakin jirgi sai an sa mata tiyo ko an naɗe ta da tsumma mai kauri, domin jirage da yawa ba anka ce ta ci amanarsu ba, igiya ce ta yi ta guga cikin dare har ta tsinke.

Sai kuma abin da ke ƙasan ruwa. Yashi mai tauri da taɓo mai danƙo su ne ake so. Ciyawar ruwa ruɗi ce, anka za ta kama saiwa kamar ta zauna, iska na tasowa ta tumɓuke. A kan dutse ko dai ta ƙi kamawa ko ta maƙale ta ƙi fitowa. Duwatsun murjani kuwa suna yanke igiya, sarƙa kuma tana farfasa su, shi ya sa tsibirai da yawa suka hana sakin anka a kansu. Ruwan can garau yake, saboda haka mai jirgi mai hankali in ya saki anka ya ja da baya da inji ya gwada ta, sai ya sa tabarau ya yi nutso ya gani da idonsa ko ta binne kanta. Da dare kuma ba a barci duka. Mai gadi zai ɗauki alama biyu a tudu, misali wata fitila da wani dutse a bayanta, in ya ga sun goce daga yadda suke jere to jirgi yana ja. Wani ma tafin hannu yake ɗorawa a kan sarƙa. Ankar da ta zauna shiru sarƙarta take, wadda ke ja kuwa za ka ji sarƙar tana karkarwa tana gurnani a hannunka.

Zaɓen wurin kwana ya fi duk waɗannan muhimmanci. Da yake iska daga gabas take zuwa kusan kullum, masaukan jirage a yammacin tsibirai suke, inda tudu ya tare iska kuma ba ta da filin tara igiyar ruwa. In ma anka ta saki, jirgi teku zai nufa, akwai sararin gyara. Amma ranar da iska ta juya ta fito daga yamma, wurin da ya fi ko'ina aminci shi ke zama tarko: igiyar ruwa ta shigo kai tsaye, duwatsun gaɓa kuma suna bayanka. Haka ta faru a Nuwamban 1999, da guguwar Lenny ta yi tafiyar da ba a saba gani ba, daga yamma zuwa gabas, ta ragargaza gaɓoɓin da kowa ya ɗauka a tsare suke. Kuma kowace guguwa in tsakiyarta ta ratsa ta kanka, iska kan ɗauke ɗif na ɗan lokaci, sannan ta dawo ta ɗaya gefen da cikakken ƙarfinta. Wanda ya ɗaure jirginsa don iskar gefe guda kawai, rabin aiki ya yi.

In babbar guguwa ta tunkaro kuma gudu ya gagara, sai a nemi lungu. Mafi kyau shi ne cikin itatuwan nan masu tsirowa a ruwan gishiri, irin na yankin Neja Delta. Ana cusa goshin jirgi cikinsu, a ɗaure igiyoyi ta ko'ina a saiwoyinsu, a jefa anka biyu ko uku ta baya, a kwance filafilai da rumfa da duk abin da iska za ta kama. Aikin yini guda ne ko biyu, kuma wanda ya makara zai tarar an cika wurin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk da haka, a Satumban 2017 guguwar Irma, wadda ta faro daga lanƙwasar da ta bar gaɓar Afirka a ƙarshen Agusta ta ƙulla ƙarfi kusa da Cape Verde, ta isa da iskar kusan kilomita 285 a awa. A lungun Paraquita da ke tsibirin Tortola, inda kamfanonin hayar jirage suka daɗe suna ɓoye jiragensu, sai da ta tara su wani kan wani. Giranada kuwa an daɗe ana cewa tana kudu da hanyar guguwa, don rabonta da babba tun Janet a 1955, har masu jirage suka mai da ita mafakar damina. A Satumban 2004 Ivan ta afka mata, ta lalata kusan kashi 90 cikin 100 na gidajen tsibirin, ta kashe mutum 39. Shekara 49 na zaman lafiya ba ta zama alkawari ba.

Daga irin waɗannan ne suka fitar da hukuncin da na fi girmamawa: ka ɗaure jirgi iya iyawarka, sannan ka bar shi ka hau tudu. A iskar da mutum ba ya iya tsayuwa, ba abin da zai gyara a kan jirgi. A Oktoban 1998 wani babban jirgin filafili mai suna Fantome ya sauke fasinjojinsa a Belize, ma'aikatansa suka fita da shi teku don su kauce wa guguwar Mitch. Guguwar ta karkata ta same su kusa da gaɓar Honduras. Mutum 31 ne a ciki, ba a ga ko ɗaya ba. An fitar da masu kuɗin hutu, an bar ma'aikata da jirgi. Haka ma a tudu: mai jirgin shaƙatawa yana da inshora da fasfo, mutumin Barbuda kuwa da aka kwashe dukkan al'ummar tsibirinsa zuwa Antigua bayan Irma ba shi da wani gida sai wanda ya rushe. Mu da muka ga ambaliyar 2022 a Ringim da Auyo da Kafin Hausa mun fi kusa da na biyun.

To mu dawo gida. Ba mu da teku, amma muna da ruwa mai faɗi da kakanninmu ba su san irinsa ba. An kammala dam ɗin Tiga a 1974, aikin da aka fara zamanin Audu Bako, ya tara ruwa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 170 a tsakanin ƙasashen Bebeji da Rano da Tudun Wada. Watari ya biyo baya a Bagwai, Challawa a Karaye a 1992. Kwalekwalen da muka sa a kansu kuwa ƙirar kogi ne: dogo, siriri, buɗaɗɗe, bakinsa kusa da ruwa, an yi shi don tsallaka inda gaɓa ke kallon gaɓa kuma gwangwala ke taɓa ƙasa. Girman igiyar ruwa ya dogara da ƙarfin iska da tsawon filin da ta samu ta yi gudu a kan ruwa. A kogi filin kaɗan ne. A dam kilomitoci ne, kuma da yake hadari daga gabas yake, gaɓar yamma ce ke karɓar mafi munin igiyar. Ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna jira a ƙasa. A fadamar Haɗejiya kuma ciyawar kachala ta toshe hanyoyi, in iska ta taso babu inda za ka ratse ka fita.

Irin hadarin nan na farkon damina da ƙarshenta yana tafiyar kusan kilomita 50 a awa. In ka hango bangon ƙurarsa daga nisan kilomita 15, abin da ya rage maka bai kai minti 20 ba. Kwalekwalen hannu da kaya a ciki ba zai ci kilomita 2 a wannan lokaci ba. Anka kuwa ba maganinmu ba ce yadda take a wurin masu jiragen Karibiyan, don jirginsu a rufe yake, namu igiyar ruwa biyu ta isa ta cika shi. Abin da ya shafe mu daga iliminta kaɗan ne amma yana ceto: in iska ta riske ka a tsakiya, goshin jirgi ake juya wa igiyar ruwa, kowa ya zauna a ƙasa, kada a tashi tsaye, a yi ta kwarfe ruwa. In za a jefa dutse da igiya don riƙe jirgi, daga goshi ake ɗaurawa da igiya mai tsawo sosai. Wanda ya ɗaura daga gefe ko daga baya shi ya jawo ruwan ciki da hannunsa. Tsofaffin masunta sun san wannan sarai. Mafakar kwalekwale dai ita ce gaɓa, kuma ana shigarta ne tun kafin iska.

Na ga yadda abin yake a wata mashiga a bakin dam ranar kasuwa, bayan la'asar. Gabas ta yi duhu, iska ta ɗauke, zafi ya yi nauyi. Wani dattijon mai fito ya ja jirginsa kan yashi ya zauna a bakinsa yana naɗe igiya. Mutane sun taru da buhunan masara da awaki da babur guda.

“Baba, don Allah a taimaka mu haye,” in ji mai babur ɗin. “Kafin ya sauko ai mun kai.”

“Yaro, ba ka ji iska ta tsaya ba? Ku dakata ya wuce.”

Wata mata ta matso da ƙullin cefane a ka. “Malam, ka dubi girman Allah, goyo na baro a gida tun hantsi.”

“Baiwar Allah, saboda goyon nake cewa ki zauna.”

Ana cikin haka wani saurayi ya turo nasa jirgin ya ce duk mai tafiya ya shigo. Suka ɗuru. Suka haye lafiya, iskar ta same su suna sauke kaya. Dattijon ya rasa kuɗin fiton yammacin, ya kuma sha magana.

Wannan hayewa lafiya ita ce ke damuna, don ita ke koya wa mutane darasin da ba daidai ba. Sau tara za a yi ganganci a tsira, kowa ya ƙara tabbata cewa tsohon tsoro ne da shi. Mai jirgin Karibiyan in ya ce yau ba tafiya, ba mai ja da shi: jirginsa ne, abincinsa na ciki, kuma hasashen yanayi na kwanaki yana cikin wayarsa. Mai fitonmu ya san da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma ƙin tashin a aljihunsa yake fita, kuma na kusa da shi zai kwashe fasinjan. Su ma fasinjan ba wauta ce ke tura su ba. Babu rumfar da za su fake, zagayowa ta hanyar mota ya ninka kuɗi da lokaci, dare kuma yana yi.

Kada kuma mu ɗora wa iska abin da ba nata ba. Ranar 30 ga Nuwamban 2021, da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da mutanen da suka taso daga Badau zuwa Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi, damina ta riga ta wuce. Lodi ne ya yi yawa. Na Warrah a Kebbi a Mayun 2021 da na Patigi a Kwara a Yunin 2023, inda sama da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki cikin dare, duk lodi na ciki. Lodi da iska kuwa abu guda suke ci, wato ɗan tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa. Jirgin da aka danne har saura faɗin tafin hannu ba ya bukatar hadari. Motsin saniya ko tashin mutum biyu ya ishe shi. A Ingila sai da aka yi dokar 1876, bayan fafutukar wani ɗan majalisa Samuel Plimsoll, aka tilasta zana layi a jikin jiragen kaya, wanda in ruwa ya rufe shi to lodi ya wuce ƙa'ida. Gwangwanin fenti ɗaya zai zana wa duk jiragen mashiga irin wannan layi, kuma amfaninsa shi ne kowa yana gani, har matar da ke tsaye a gaɓa. Gardama ta tashi daga tsakanin mai fito da fasinja ta koma kan abin da ido ke gani.

Dokoki a takarda akwai su. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare da lodi fiye da kima, ta kuma wajabta rigar ceto. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi, har da gargaɗin iska da tsawa. Sai dai jami'in da ke Lokoja ba zai tsaya a mashigar ƙauye ranar kasuwa ba, gargaɗin da ya tsaya a Facebook da Turanci kuma bai isa ga mai gwangwala ba. Wanda ke wurin kullum shi ne Sarkin Fito ko Sarkin Ruwa. Abin da nake gani shi ne a mayar masa da ikon da zai ce an rufe ruwa, maganar ta hau kan kowane jirgi a mashigar lokaci guda, yadda babu wanda zai ci riba da taurin kai. Hakan ba zai yiwu ba sai dagaci da hakimi sun tsaya a bayansa ranar da ya hana ɗan wani babba tashi. Sai gidajen rediyon Kano da Dutse sun riƙa karanta gargaɗin iska da Hausa da rana tsaka, kafin kasuwa ta watse. Sai kuma ƙaramar hukuma ta gina rumfa mai ƙarfi a kowace mashiga ta ajiye rigunan ceto a hannun wanda za a tambaya in sun ɓata, ciki har da ƙanana masu daidai jikin yara, domin a Watari yara ne suka fi yawa a cikin jirgin.